Ramukan Yatsun Baffa

Baffana mai gyaran gita ne. Ƙanen mahaifina ne, shi ne autansu, kuma har ya yi furfura Baba bai daina kiransa Auta ba. Ba shi da shagon kansa. A kusurwar shagon kafintancin Baba yake zama, can ciki kusa da taga, bayan wani labulen leda da ya rataya don kada ƙurar katako ta sauka a kan kayan mutane. Teburi ne da kujera, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanin madara cike da tsofaffin buroshin haƙori.

Kafin a haife ni makaɗi ne. Yana kaɗa gita a wata ƙungiya da ke zagaya otal-otal da wuraren biki, kuma waɗanda suka ji shi sun ce idan ya shigo tsakiyar waƙa masu rawa kan tsaya su waiwayo. Ni ban taɓa ji ba. Kaset ɗaya suka yi, hoton mawaƙin kaɗai aka sa a jikinsa, wanda ke gidanmu kuwa rediyo ta tauna shi tun ina rarrafe. Wata shekara Baba ya samu babban aikin kujerun makaranta, ya ce wa ƙanensa ya ajiye shiriritar nan na ɗan lokaci ya zo ya kama masa. Ya zo. Injin yankan katako ya cire masa yatsu biyu na hannun hagu, ya bar manuni a sandare. A gidanmu ba a maganar wannan rana. Abin da ake faɗa shi ne Baba ya riƙe ɗan'uwansa, ya ba shi ɗaki, ya ba shi wurin aiki. Kuma gaskiya ne.

Da na gama jami'a na zauna jiran aiki, sai na ga ba inda ya fi mini daɗin zama kamar bayan labulen nan. Baffa ba ya tambayar mutum me ya sa bai ce komai ba. Sarkin Shiru yake kirana, ya miƙo mini tsumma in riƙe.

Aikin da aka fi kawo masa shi ne na wuyan gita. A fuskar wuyan akwai allo na baƙin katako, a kansa kuma an jera 'yan ƙarafuna a gicciye, su ne tsirkiya ke kwanciya a kai idan makaɗi ya danna. Gumi yana cin ƙarafunan su yi kore, dauɗa ta taru a gefensu ta daskare. Baffa sai ya kwance tsirkiyoyin, ya sa buroshi ya bi gindin kowane ƙarfe. Daga nan ya lulluɓe katakon da salatif na takarda, gida-gida, ya bar ƙarafunan kaɗai a waje. Idan tsirkiya ta yi wa ƙarfe kwari sai ya ɗauko ɗan magagari ya daidaita shi, sannan ya bi da soson ƙarfe mai laushi har sai fitila ta bayyana a jikinsa. Sai a ƙarshe yake taɓa katakon: ɗigon mai a kan tsumma, ya shafa, ya jira ya sha, ya goge sauran. Ruwa ba ya zuwa kusa. Wuyan yakan tokare shi da dungulmin hannun hagu, kuma ban taɓa ganin ya suɓuce masa ba.

Akwai wani makaɗin biki da ake kira Gajere, mai yawan gumi da yawan surutu, wanda ba ya wata biyu bai kawo tasa ba.

"Kai Gajere, da gitar nan kake cin abinci ne, ko a kanta kake ci?"

"Haba Oga, aiki ne ya yi yawa."

"Wane aiki? Dubi nan." Baffa ya juya wuyan ya nuna masa da ƙumba. "Gidajen farko duk sun cinye, daga nan zuwa ƙasa kuwa sabo fil. Shekara nawa kana kaɗawa, ba ka taɓa leƙa nan ba ko da gaisuwa."

"To mutane rawa suke so, ba yawon buɗe ido ba."

"Allah Ya shirye ka. Ka wanke hannu dai kafin ka taɓa ta."

Haka yake karanta kowa. Ya kalli inda ƙarfe ya cinye, ya gaya maka wane ne mai gitar: wannan mai danne tsirkiya ne kamar yana faɗa da ita, wancan malalaci ne, wannan kuma saya ya yi don ya burge wata.

Tasa gitar tana cikin jaka a ƙarƙashin teburin. Ƙarafunanta kullum a goge suke, suna walƙiya, amma allon wuyan abin mamaki ne. Daga sama har ƙasa ramuka ne ƙanana, masu santsi, kamar an danna yatsa a jikin ɗanyen sabulu. Shekarun da ya yi yana kaɗawa ne suka haƙa su. Idan rana ta yi sanyi, injinan Baba suka yi shiru, sai ya fito da ita ya ɗora a cinya. Ba ya kaɗawa. Ƙaramin yatsan da ya rage masa da rai yake sawa a rami, ya ɗaga ya sa a wani, yana motsa leɓe. Wata rana ya kama hannuna ya ɗora yatsuna a kan uku daga ciki.

"Nan ake buɗe waƙa," in ji shi. "Daga nan sai a gangara nan. Wannan mai zurfin, nan nake tsayawa in ja ta har mawaƙi ya harare ni." Ya yi dariya, sannan dariyar ta ƙare. "Ba ni da hoto, ba ni da kaset. Wannan kaɗai ne ya san na taɓa zama wani abu."

Baba kuwa ba ya iya ganin allon nan hankalinsa ya kwanta. Kafinta ne tun yana yaro, kuma a wurinsa rami a jikin katako ciwo ne. Teburin cin abincinmu ya sha gyara har ya sirance. Duk lokacin da ya ɗaga labulen ya tarar da gitar a waje sai ya girgiza kai.

"Auta, kana gyara na mutane, taka kamar gara ta ci. Ba ni ita rana ɗaya."

"Bar ta, Yaya. Haka take."

"Haka take saboda ba a gyara ba. Wanda ya shigo ya ganta ai sai ya ce ba mu iya aiki ba."

"Na ce bar ta."

Baba ya saki labule yana cewa taurin kan Auta tun na yarinta ne. Bai taɓa tambayar me ya sa ba, Baffa kuma bai taɓa gaya masa ba. Da zai gaya masa, sai ya ambaci yatsun, kuma su biyun sun daɗe da rufe wannan ƙofa.

Sai ido ya fara ba Baffa matsala. Da farko fitilar ya matso da ita, daga baya ya koma shafa ƙarfe da yatsa don ya ji ko ya goge. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa duka biyun, sai an yi aiki. Baba ne ya tsaya a kan komai, ya kai shi asibiti da kansa. Ni aka bari jinya, tunda ni ce ba ni da aikin yi. An yi na ido ɗaya, aka ce ya zauna sai an yi na biyun, saboda sukarinsa ya hau. Yana kwance da bandeji a fuska yana tsokanar ma'aikatan jinya, yana cewa idan aka buɗe masa ido ya ga ashe munana ne zai ce a mayar masa da yanarsa.

Baba yakan zo kowace yamma, yana warin banish, man nan mai ƙyalli da ake shafa wa kujeru. Ba abin da na kawo a raina, don warin aikinsa ne. Amma yana ta murmushi shi kaɗai. Ranar da za a sallame mu ya dafa kafaɗar ƙanensa ya ce, "Akwai abin da za ka fara gani da sababbin idanun nan."

Daga asibiti shago ya wuce da mu. An share kusurwar, an canja labule. A kan teburin, bisa farin zane, ga gitar.

Na ɗauka wata ce ya sayo. Wuyan yana sheƙi kamar an zuba masa zuma, ja-ja, sumul daga sama har ƙasa. Baba ya tsaya a gefe yana goge hannu a jikin rigarsa.

"Ka san ba ƙaramin aiki ba ne," in ji shi. "Ramukan nan sun fi ƙarfin samfefa. Sai da na kwaɓa dusar katako da gam, na cike su ɗaya bayan ɗaya, na bari suka bushe. Sannan na bi da samfefa, mai kaushi da mai laushi. Banish kuwa sau uku na shafa. Ban bar kowa ya taɓa ba, da hannuna na yi." Ya dubi ƙanensa. "Shafa ka ji."

Baffa ya cire baƙin tabaran da aka ba shi a asibiti. Ya sunkuya. Banish ɗin ya hau har kan ƙarafunan, ya lulluɓe su, ya taru a gindinsu kamar hawayen kyandir. Ya ɗora ƙaramin yatsansa a sama ya ja shi a hankali zuwa ƙasa. Yatsan ya tafi bai tsaya ko'ina ba. Ya dawo da shi ya sake ja.

A waje wani yana buga ƙusa.

"To?" in ji Baba. Idonsa na kan hannun hagun ƙanensa. Sai a lokacin na gane cewa ba don mutanen da ke shigowa ya yi ba. Shekara da shekaru yana neman abin da zai mayar wa ƙanensa, kuma wannan ne kaɗai hannunsa ya iya.

Baffa ya miƙe. Ya mayar da tabaransa.

"Sannu da aiki, Yaya. Ta yi sumul."

"Ai na gaya maka tuntuni."

"Ka gaya mini."

Baba ya fita yana kiran mai shayi ya kawo mana, yana ba maƙwabta labari tun daga bakin ƙofa. Ni da Baffa muka rage. Na tambaye shi ko ba za a iya ƙwaƙule gam ɗin ba, tunda ramukan suna nan a ƙarƙashi.

"Gam ya kama katako, samfefa kuma ta cinye bakinsu," in ji shi. "Ko na tona, ramin wuƙa zan samu. Ni kuma na wuƙa ba nawa ba ne."

Ya zauna ya jawo gitar wani da ke jira tun kafin ya kwanta, ya fara kwance tsirkiya. Likita ya hana shi aiki na ɗan lokaci, amma ban tuna masa ba.

Washegari ya ɗauki gitar ya kai wa Baba wajen injin. Ya ce ya riƙe ta, aikinsa ne, ya fi dacewa da ita. Baba ya ƙi, ya sake ƙi, sannan ya karɓa, idonsa ya cika. Ya gaya wa Umma a gida cewa bai san Auta yana ganin girmansa haka ba. Ya buga ƙusa a bangon gaba, sama da jerin kujerun sayarwa, ya rataye ta inda mai wucewa zai gani.

Baffa ya ci gaba da aikinsa. Idonsa ya buɗe tar, har yana ganin tsagar da da sai ya lalubo. Gajere ya ce gugar ƙarfen Baffa ta fi ta da kyau, amma Baffa ya daina zaginsa, kuma shi Gajeren bai ji daɗin hakan ba. Da yamma idan injina suka yi shiru sai ya kashe fitila ya zauna, hannunsa a kan gwiwa. Wani lokaci ya tashi ya tafi ɗakinsa tun rana ba ta faɗi ba.

Gitar kuwa ta kawo wa Baba kasuwa. Mutane kan tsaya su kalle ta, daga kallo sai a shiga ciniki. Kwanan baya wata mata ta zo da 'yarta za su ba da aikin kujerun falo. Baba ya baza musu guntayen katako masu launi iri-iri, matar ta ƙi duka, ta ɗaga kai ta nuna bango.

"Irin launin waccan nake so. Amma daga nan ba na gani sosai."

"Yanzu kuwa, Hajiya." Hannun Baba duk gam ne. Ya juya wajen labule. "Auta! Ɗan sauko mana da ita, ka fita da ita rana ta gani."

Baffa ya ajiye soson ƙarfen. Ya fito, ya taka benci, ya sauko da ita. Ya fita bakin titi ya riƙe wuyan a tafin hannunsa, yana karkata shi yadda rana za ta haske shi, matar ta sunkuya tana shafawa da zobbanta.

"Kai, ya yi kyau," in ji ta. "Ɗan juya shi nan, Malam."

Ya juya.