Littattafan Mai Agogo a Hannun Dakta

Yayana mai gyaran agogo ne. Shekara uku ya ba ni, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun muna samari yake da rumfa a bakin titin da ya wuce ta gaban babban asibiti: tebur ɗaya mai gilashi, kujera biyu, da ɗan madubin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Kowa Mai Agogo yake ce masa, har fastoci. Karatunsa bai wuce nawa ba, aji huɗu muka yi muka fita, amma yana karanta Littafi Mai Tsarki yana bi da yatsa, rubutunsa kuma ƙanana ne tsaf kamar na akawu.

Matarsa ta yi wata biyu a kwance a asibitin nan kafin ta rasu. A wata biyun, ban da mu 'yan gida, sau ɗaya aka zo daga coci, aka yi addu'a a tsaye aka tafi. Bai yi wa kowa ƙorafi ba. Sai dai bayan an binne ta da mako uku ya fara rufe rumfa duk Talata da Juma'a da yamma, ya tsallaka titi ya shiga ɗakunan marasa lafiya. Shekara ashirin da takwas yana haka.

Ba ya yi musu wa'azi. Zai ja kujera kusa da gado, ya tambayi jiki, ya yi shiru. In mutum ya gaji da shirun sai ya soma magana, Yaya kuma ya ce masa abin da za a faɗa tsakaninsu ne da Allah. Da haka mutane suka riƙa gaya masa abin da ba su gaya wa fasto ba, ba su gaya wa wanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi ba.

To, Yaya mutum ne mai mantuwa. Matata takan tsokane shi, wai yana gyara wa gari lokaci amma bai san inda ya ajiye hularsa ba. Saboda haka in ya fito daga ɗaki sai ya zauna a bencin baranda ya rubuta sunan mutum, da sana'arsa, da ciwonsa, da abin da ya faɗa, don ya yi addu'a a kai da safe kafin ya buɗe rumfa. In an sallami mutum ko ya rasu, sai ya ja jan layi a ƙarƙashin shafin. A ƙananan littattafan makaranta masu shuɗin bango yake rubutun, sun kai sittin da uku, a cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin tebur. Tun da na bar aikin gadi kusan kullum a rumfar nake wuni, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Ƙaramin fastonmu a gabanmu ya girma. Ikkilisiya ce ta tura shi babbar makarantar tauhidi, ya yi digiri na biyu, ya shiga na uku, wanda in an gama ake ce wa mutum Dakta. Ya iya Helenanci da Ibrananci, in yana wa'azi yakan tsaya ya gaya mana yadda kalma take a asali, mu gyaɗa kai. Ba zan ce mugu ne ba, har ƙasa yake gaishe mu. Binciken da ya zaɓa shi ne abin da masu bi suke faɗi in sun ga mutuwa ta matso. Wata shida ya yi yana zagaya asibiti da na'urar ɗaukar murya da takardar sa hannu, ba abin da ya samu sai "da sauƙi" da "mun gode Allah". Sai wata nas ta nuna masa bencin da Yaya yake zama yana rubutu.

Fasto ya zo rumfa da agogonsa wanda ba abin da ya same shi. Sau uku yana zuwa. Ya ce littattafan nan taska ce, fastocin gobe za su koyi zama da marar lafiya daga cikinsu. Ya ce makarantarsu tana da doka mai tsanani, akwai kwamiti guda da aikinsa ke nan, ba a barin sunan kowa ya fita, lamba ake ba mutum. Yaya ya ce ai ya yi wa mutanen alkawari.

"Baba, alkawarin a kan suna ne," in ji fasto. "In babu suna, babu mutum."

Yaya ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na ce masa mai ilimi ya fi mu sanin abin da ya dace. Wannan maganar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Aka sa akwatin a bayan motar fasto, aron mako biyu.

Shekara biyu aka yi. Duk lokacin da Yaya ya tambaya sai a ce ana kan aiki. Ya sayi sabon littafi ya ci gaba da ziyararsa.

Da fasto ya gama, aka shirya sujadar godiya. Ya shigo da doguwar rigar digiri da hular nan mai tuntu, malaminsa farfesa mai furfura yana gefensa. Aka ce Dakta zai bayyana wa ikkilisiya bincikensa da Hausa, tunda ita ta tura shi. Ya yi bayani mai tsawo wanda ban kama rabinsa ba, sa'an nan ya ce bari ya ba da misali ɗaya. Ya gyara tabarau ya karanta:

"Mai lamba goma sha bakwai. Namiji, tela, shekara sittin da ɗaya. An yanke masa ƙafar hagu saboda ciwon sukari. Ya daɗe yana jagorantar mawaƙa a ikkilisiyarsa."

Tela mai ƙafa ɗaya da ya jagoranci mawaƙa, guda ɗaya muka taɓa yi. Ya rasu shekara biyar kafin nan. Matarsa, wadda muke kira Uwar Mawaƙa, tana zaune a benci na uku. Na ga kawuna suna juyawa wajenta ɗaya bayan ɗaya. Dakta bai ɗaga kai ba. Ya karanta cewa mutumin ya ce shekara ashirin yana rera waƙar tashin matattu bai gaskata ba, yana tsoron ba abin da ke gaba sai rami. Ya karanta inda ya roƙa kada matarsa ta ji, don da bangaskiyarsa take jingine. Har wannan ya karanta, a gabanta, ta lasifika. Sai ya gaya mana masana suna da sunan da suke kiran irin wannan hali da Turanci, kuma ya samu mutum arba'in da ɗaya masu kama da shi, ya raba su kashi-kashi. Farfesa yana ta gyaɗa kai. Da ya gama aka tafa.

Matar nan ita ce ta tsaya ranar jana'iza ta shaida mana mijinta ya tafi da waƙa a bakinsa. Shekara biyar da wannan take rarrashin kanta. Ta miƙe a hankali, ta bi ta tsakiyar coci ta fita, ba ta ɗauki littafin waƙarta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne, Daktan nan yana yaro a hannun telan ya koyi waƙa. Ko dai ya gane shi bai damu ba, ko kuwa ya daɗe yana kallon lamba har mutumin ya ɓace masa. Har yau ban san wanne ya fi ƙazanta ba.

Washegari muka je ofishinsa na coci. Littattafai har rufi, takardar digiri a cikin gilashi, fanka tana juyawa. Ya tarbe mu da fara'a, ya ɗauka barka muka zo yi. Yaya ya ce kayansa ya zo karɓa. Aka jawo kwali daga bayan ƙofa. An sare gefen ɗinkin kowane littafi da injin yanka takarda don shafukan su bi ta na'urar ɗaukar hoto. Ga su nan warwatse, an ɗaure da roba, an manna wa kowane mutum lamba, an bi maganganunsu da rawayan alƙalami. Akwatin ƙarfen kuwa yana can ƙarƙashin taga, an ɗora masa tukunyar fure.

Yaya ya tambaye shi ko ya ga wadda ta fita jiya. Ya ce ya gani, ya zaci zafi ne ya dame ta. Da aka gaya masa ko wace ce, sai ya ce, "Amma Baba, ban faɗi sunan kowa ba. Kwamiti ya duba shafi-shafi, ya sa hannu."

Yaya ya ce a janye littafin. Dakta ya bayyana mana, da haƙuri irin wanda ake yi da yara, cewa kundin yana ɗakin karatu na makaranta, yana kan intanet, har wani kamfani ya nemi ya buga shi. Ya buɗe shafin farko ya fassara mana inda ya gode wa wani dattijo mai ƙaramin ilimi da babbar zuciya. Ya miƙa wa Yaya kwafi ɗaya mai baƙin bango da rubutun zinariya. Na zaci Yaya zai ƙi. Ya karɓa da hannu biyu, ya sauke tukunyar furen, muka zuba takardun a akwati muka fito.

Ashe da dalili ya karɓa. Ba ya jin Turanci, amma ya san lamba. Mako guda ya yi a kan teburinsa yana bin kundin layi-layi, duk lambar da ya gani ya nemo ta a cikin takardunsa, har ya fitar da mutum arba'in da ɗayan nan da sunayensu. Sa'an nan ya soma bin gidajensu, masu rai da iyalan waɗanda suka rasu. Ina raka shi, in tsaya a waje. Magana ɗaya yake yi: abin da aka gaya masa a asirce ya shiga littafi, ta hannunsa ya shiga, ya zo ne su ji daga bakinsa. Wasu suka ce ba komai. Wasu ba su ma san an taɓa faɗin wani abu ba sai ranar, muka bar su cikin zullumi. Ɗan wani direba ya bi mu har titi yana ce masa tsohon munafuki.

Labari ya shiga asibiti kafin mu gama rabi. In Yaya ya ja kujera kamar kullum, sai mutum ya ce da sauƙi, ya juya wa bango. Wani makanike da ya karye a cinya ya hango shi daga ƙofa, ya ce, "Baba, ni lamba nawa za a ba ni? A zaɓo mini mai kyau." Duk ɗakin aka yi dariya. Yaya ma ya yi murmushi, ya yi musu addu'a a tsaye, ya fito.

A wannan watan aka ɗauki Dakta koyarwa a makarantar tauhidin. Darasin da aka ba shi shi ne ziyarar marasa lafiya. Aka sanar a coci, aka sake tafawa.

Uwar Mawaƙa sau uku muna zuwa gidanta ana cewa ba ta nan, alhali ga takalmanta a ƙofa. Sai wata ranar Laraba da hantsi ga ta a rumfa. Ta rame. Na tashi na ba ta kujerata, ba ta zauna ba, ba ta kuma amsa gaisuwar Yaya ba. Ta ce ta ƙirga, sau tara Yaya ya ziyarci mijinta, abin da aka karanta a coci kuwa na rana ɗaya ne.

"Sauran ranakun fa? Me ya ce a ta ƙarshe?"

Yaya ya cire madubin daga idonsa ya ajiye. Akwatin yana nan kusa da ƙafarsa.

"Uwar Mawaƙa, cewa ya yi kada ki ji."

"Coci guda ta ji, Mai Agogo. Farfesa ya ji. Ni da na yi shekara uku ina wanke masa dungulmi, ni kaɗai za ka riƙe wa amana?"

"Wanda ya fita, ta hannuna ya fita, kuma zan amsa shi gaban Allah. Wanda ya rage ba zan ƙara da bakina ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Ni dai ƙasa nake kallo, don ban ga inda ta yi kuskure ba, ban kuma ga inda ya yi ba.

"To, zan je wajen Dakta," in ji ta. "Shi ba ya ɓoyo."

Ofishin coci, inda Dakta yake zama har yanzu, ba nisa, daga rumfar ana hango ƙofarsa. Muka ga ta shiga. Na ce wa Yaya wataƙila yaron ya koyi hankali, wataƙila ya ba ta haƙuri ya ce ba shi da iko. Hotunan shafukan duka suna cikin kwamfutar Dakta, mu biyu mun sani.

Ba ta yi minti goma ba ta fito da fararen takardu a naɗe a hannu. Ta biyo ta gabanmu, ta wuce, ba ta waiwayo ba. Abin da ke ciki ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Yaya idonsa ba ya gani nesa, sai ya tambaye ni kamar takarda nawa ce a hannunta. Na ce za su kai tara ko goma.

Ya ce, "To, duka ke nan."