Bindigar Nan Ba Ƙirar Rasha Ba Ce

Ni ne ɗan fari a gidanmu, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In yana nemana sai ya tambayi Umma ina yaron nan, ko da ina tsaye a gabansa. Kunyar ɗan fari ce, haka shi ma aka yi masa, ya kuma ɗauko ta tun daga Kano har gidanmu na bene a unguwar Bin Mahmud da ke Doha. Abin bai taɓa damuna ba sai da ɗan ƙaninsa ya tare a wurinmu.

Sa'ana ne, ya zo Doha karatu. Da korona ta sa aka rufe ɗakunan kwanan ɗalibai, sai aka shimfiɗa masa katifa a ɗakina. Shi ba ɗan Baba ba ne na cikinsa, don haka babu kunya a tsakaninsu. Baba na kiran sunansa safe da yamma, yana jan kunnensa, yana tsokanarsa da yawan ci. Shi kuma ya ce Baffa kaza, Baffa kaza, har ya zauna a hannun kujerarsa. Ni ina teburin cin abinci da littafina, ina ji.

Tunda ba fita, bayan la'asar sukan kalli fim. Wata rana suka kamo wani na 'yan Holan, labarin wasu ɓarayi sakarkaru da komai suka taɓa sai ya lalace. Baba ya tashi a kusa da barikin 'yan sanda, yana son cankar sunan bindiga in ta fito a fim. Da babban ɓarawon ya zaro wata doguwa daga but ɗin mota, ɗan'uwana ya yi caraf ya ce AK ce, ƙirar Rasha. Baba ya dafa kafaɗarsa, ya ce lallai yaron nan yana da ido.

Maganar ba ta kwanta mini ba. Na nemo fim ɗin a kwamfutata, na riƙa tsayar da hoton duk inda bindiga ta leƙo, ina kwatantawa da hotunan da ke shafukan masu sanin makamai. Ni da ban taɓa riƙe ko ta farauta ba. Darussan da ake ba mu ta intanet suka riƙa wuce ni. Na gano ƙaramar da ɗan sandan fim ɗin ke ɗauke da ita ta Italiya ce, ta wani tsoho mai shago kuma mai baki biyu ce da aka datse. Sai doguwar. Kama kawai ta yi da AK, amma ƙirar ƙasar Czech ce. AK tana da wani faffaɗan ƙarfe a gefen dama da ake ture shi kafin a harba. Wannan kuwa nata ɗan ƙarami ne, can kusa da mariƙi.

Na daɗe ina maimaita yadda zan faɗa. Ranar da na samu ƙarfin hali muna cin tuwon rana ne. Na yi bayanin tiryan-tiryan, idona a kwano. Baba bai ɗago ba. Da na gama ya ce, "To." Sai ya juya ga ɗan'uwana ya ce ya miƙo masa yaji. Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Malam, to ko ta ina ce, ai dai tana kisa ko?" Baba ya murmusa. Na tashi ban ƙoshi ba.

Korona ta lafa, gari ya buɗe, ɗan'uwana ya koma makaranta, amma duk Juma'a yana gidanmu. Lokacin gasar cin kofin duniya, ranar da Holan ta buga da masu masaukin baƙi, wani likita abokin Baba ya gayyace mu kallo a gidansa na unguwar Aziziya. Falon cike da manya. Ni aka ba wa butar shayin karak ina zagayawa, shi kuwa yana zaune a gefen Baba.

A hutun rabin lokaci aka nuno 'yan kallo da rigunansu ruwan lemo, wani ya ce shi bai san komai game da mutanen nan ba sai madara da ƙwallo. Baba ya ce ai sun iya fim ɗin ban dariya, ya ba da labarin ɓarayin, sannan ya taɓa ɗan'uwana ya ce ya gaya musu zancen bindigar. Ya gyara zama ya kwashe bayanina kamar shi ya wahala a kai, sai dai ya ce ƙirar Poland ce. Kafin in gyara masa, Baba ya riga ni.

"Czech," in ji Baba. "A ƙarfen gefen dama ake ganewa. Nata ƙarami ne, kusa da mariƙi."

Ashe ya ji. Na tsaya da buta a hannu ina jiran sauran. Likitan ya ce, "Injiniya, a ina ka san wannan?"

"Wani ne ya bincika ya gaya mini."

Likitan ya dubi ɗan'uwana ya ce Allah ya yi albarka, yaran yanzu akwai ƙwaƙwalwa. Ɗan'uwan nawa ya amsa da amin, ko kunya babu. Baba bai gyara ba, don gyarawar tana nufin ya nuna ni a gaban mutane ya yabe ni. Aka dawo wasa, mai gidan ya ce yalla, maza a ƙaro shayi.

A hanyar gida ɗan'uwana ya shige gaban mota kusa da Baba. Ni ina baya da kulolin abincin da matar likitan ta ba mu mu kai wa Umma, ina tare su da gwiwa kada miya ta zube. Suna ta gardamar ƙwallo har muka iso, ba wanda ya waiwayo.