Kilishin da Ya Ƙi Bushewa a Agege

Ana idar da sallar asuba muka bar Funtuwa, ni da uwargida da wuƙaƙena, za mu Agege sunan jikana na fari. Ni mai kilishi ne tun ina saurayi, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin cewa na iya ba. Tun a waya na ce wa 'yata kada su sayi naman baƙi, kilishin ubanta za a ci. Ita kuma ta bi dangin mijinta kaf ta gaya musu.

Hanya ta dake mu. A Lakwaja muka ci kifi mai yajin da ya sa uwargida hawaye. Daga Ibadan sama ta fara ɗaure fuska, ban ko kula ba. Agege kuwa motocin haya na danfo da baburan okada kamar za su hau kanka, albasa ƙwaya huɗu a kuɗin da za a cika maka kwando a gida.

Ana gobe suna surukina ya kawo cinyoyin bijimi daga mayanka. Na yanka su fale-fale kamar takarda, na shanya a kan rufi. Rana ta leƙo ta koma. Har la'asar naman nan jiƙe yake sharkaf, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kai, raina ya ɓaci! Naman da aka yi wa wannan yanka ba ya soyuwa, in an juya shi a miya kuma dagargajewa zai yi.

'Yata ta tsaya a bakin ƙofa da jariri. "Baba, me zan ce wa Iya?" Iya ita ce uwar mijinta, Bayarabiya, kuma ta gayyato rabin unguwa.

Na ce, "Ki ce mata ta aro mini tukunyar biki."

Naman ya kwana a firjin maƙwabta. Da sassafe na shimfiɗa albasa a gindin tukunya, sannan nama, na shafe shi da labun ƙuli-ƙulin da na haɗa don kilishi, sai dankali da tumatir yankan siriri. Haka na yi ta jerawa hawa-hawa har baki, na rufe, gawayi ƙasa gawayi sama.

Iya ta taho da ludayi za ta juya. Na tare ta. "Iya, wannan ba a taɓa shi."

"Alhaji, abincin da ba a juyawa abinci ne?"

Da aka buɗe, da wuƙa na yanka shi, kowane hawa na zaune a inda na ajiye shi. Iya ta ci, ta ƙara, sannan ta ja tukunyar ɗakinta wai sauran na masu jego ne. Da za mu tafi 'yata ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, ka fitar da ni kunya."

Mun dawo Funtuwa rana na ƙwallewa. Na daɗe ina kallonta. Shekara da shekaru ina cika baki da kilishina, ashe yanka kawai nake yi, ita ke ƙarasa aikin.