Malam Khalilu Sama'ilu da Injin Gwajin Zoben Rijiya

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Khalilu a shekarar 1942 a wani ƙauye na ƙasar Gezawa. Mahaifinsa, Malam Sama'ilu, manomi ne, sunan mahaifiyarsa Barira. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya yi firamare, sannan ya koyi kanikanci a Kano.

Aure da Aiki

A shekarar 1964 ya auri Maijidda, Allah Ya azurta su da 'ya'ya huɗu. A 1974 wata masana'anta mai buga zoben siminti na rijiya ta danƙa masa injin gwajinta mai aiki da iska. Iska ke tura fistin, wato sandar ƙarfen da ke cikin injin, ya danne zobe, agogo ya nuna nauyin da ya hau kansa, zoben da ya jure kuwa Malam Khalilu ya buga masa hatimi.

Shekarun Matsi

A 1986 kayan gyara suka daina shigowa daga waje, robar da ke tare iska a fistin kuma ta cinye. Manaja ya ce in injin ya tsaya za a sallami kowa, ga shi fari ya gama da gonaki. Sai Malam Khalilu ya yanka jemammiyar fatar akuya, ya jiƙa ta da man gyaɗa kamar ta zugazugin maƙera, ya sa a madadin robar. Injin ya tashi, kowa ya yaba. Kaico, fatar na bushewa da zafin bazara iska ta riƙa zurarewa, agogo yana nuna nauyin da bai kai ga zoben ba.

A damunar 1988 sabuwar rijiyar ƙauyensu, wadda duk zobbanta ke ɗauke da hatiminsa, ta rufta da masu yasa uku, har da babban ɗansa Basiru. Ba a iya ciro su ba. Ya kwance injin, ya ga fatar ta bushe, ya je gaban mai gari ya ce, “Ranka ya daɗe, kada a tuhumi kowa, aikin hannuna ne.” Bai sake komawa aiki ba.

Rasuwa

Ya rasu ranar Laraba, 10 ga Fabrairu, 1993, bayan doguwar jinya, aka yi masa sutura a maƙabartar ƙauyen. Ya bar matarsa Maijidda da 'ya'ya uku: Iliyasu, Rahmatu da Larai. Har ya koma ga Allah, in an tambaye shi 'ya'yansa nawa, huɗu yake cewa. Allah Ya jiƙansa.