Tukunyar Imoro Mai Koren Zare

Imoro ya sauka a Guangzhou a watan Maris na 2011, daga zangon Kumasi, da jaka ɗaya da ma'aunin tela a aljihu. Sana'arsa aika kaya. 'Yan kasuwa su sayi tufafi a kasuwar Shahe ko ta Shisanhang, shi ya auna kwalaye, ya jera su a kwantena, ya tura Ghana. Mutum ne mai tsantseni da zafin rai, ba ya yarda da awon kowa sai nasa. Masu sonsa ba su da yawa, amma ana ba shi kaya, domin ba a taɓa jin ya ce abu kaza yake aka tarar ba haka ba. Wannan shaidar ita ce jarinsa, ba shi da wani.

A lungun da ke bayan ma'ajiyarsa akwai ɗan gidan abinci mai tebur biyar, na wata 'yar ƙasar Kyuba da ta zo karatu, ta auri ɗan gari, ta zauna. Madam Yudi ake ce mata. Ƙamshi ne ya fara jan Imoro ciki: shinkafa da baƙin wake a tukunya ɗaya, soyayyar ayaba a gefe, da dafaffen rogo da tafarnuwa da lemon tsami. Sai ka ce wake da shinkafar mahaifiyarsa Adizatu. Bai ci ba. Ya tambaye ta da me take dafa waken, ta ce da kitsen alade, kamar yadda ake yi a garinsu.

Washegari ya dawo da sabuwar tukunya, da wuƙa, da katakon yanka, da galan ɗin man gyaɗa. Ya ɗaura wa kowanne koren zare. Suka yi sharaɗi: abin da ke da zare na Musulmi ne, kaza kuwa shi zai riƙa sayowa daga mahauci Musulmi. Shekara shida ke nan, duk Talata da Alhamis bayan azahar yana kan teburin kusa da taga. Farkon kowane wata yakan shiga madafa ya duba zarensa. A hankali ya riƙa kawo baƙi, in sun yi ɗari-ɗari ya ce, "Ku ci, a wuyana."

Ma'ajiyar da ke kallon tasa ta Kallamu ce, mutumin Maraɗi. Tun da Kallamu ya fara tura kaya Ghana shi ma, gaisuwa ta mutu a tsakaninsu. Ko a masallacin Juma'a, in ɗaya ya zauna dama, ɗayan sai ya nemi hagu.

Wata Litinin Kallamu ya ɗauki hoton allon abincin Madam Yudi, inda aka zana gasasshen alade, ya saka a zauren waya na 'yan kasuwa. Ƙarƙashi ya rubuta: "Ga inda malamin Kumasi ke kai baƙinsa." Kafin la'asar Hajiya Sa'ida ta kira. Ita ce mai kayan da suka fi yawa a hannun Imoro, kwali arba'in da biyu a wannan watan, kuma sau uku ya taɓa kai ta cin abincin nan.

"Malam Imoro, ranar Alhamis zan zo in gani da idona," ta ce. "In maganarka kan abin da zan sa a cikina ba ta tsaya ba, ban ga yadda zan riƙe ta kan kayana ba."

Ranar Alhamis ta zo. Kallamu ma ya zo, ba wanda ya gayyace shi.

"Yunwa ce ta koro ka, Alhaji?" in ji Imoro. "Ko kwalayen sun ƙare, an koma tsegumi?"

Kallamu ya kira shi maigida da Faransanci: "Walima na zo gani, patron. An ce naman gidan nan har gurnani yake."

"Bakinka ne ke gurnani. Biyo ni."

Suka kutsa madafar, wadda mutum uku ke cika ta. Madam Yudi ta ja gefe, fuska a ɗaure. Imoro ya shiga nuna kaya ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gabatar da takardu a kwastan. Ga tukunya, ga zare. Ga wuƙa, ga zare. Ga katako, ga mai. Hajiya Sa'ida ta fara gyaɗa kai.

Kallamu bai ko dubi tukunyar ba. Uwarsa tuwo ta sayar a tashar Maraɗi, a gindin murhu ya girma, ya san inda ake duba mai abinci. Idonsa na kan bango, inda ludayi ke rataye a ƙusa.

"Madam," ya ce da gurgun Sinancinsa, "ludayi nawa gare ki?"

Ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Na biyu fa?"

"Meyo," ta ce. Babu.

Imoro ya matso kusa da ita. Ya tambaye ta da kansa, a hankali, da me take zuba masa abinci. Ta nuna ludayin, ta nuna bokitin ruwa. Takan tsoma shi kafin ta shiga tukunyarsa, in ji ta, in dai mutane ba su yi yawa ba.

"In sun yi yawa fa?" in ji Imoro.

Nan ta fusata. Ta ce ya kawo tukunya, ya kawo wuƙa, ya kawo katako, shekara shida yana shigo mata madafa kamar ɗan sanda, bai taɓa cewa komai kan ludayi ba. Yau kuma ya kwaso mata taro a gaban masu cin abinci. Ta ce su fice mata.

A bakin ƙofa Kallamu ya gyara hula. "Ka auna kwali, ka manta gindinsa a ɓule yake."

Hajiya Sa'ida ba ta ɗaga murya ba. "Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba, Malam Imoro. Amma kai cewa ka yi ka sani."

Da yammacin ranar aka tsallakar da kwali arba'in da biyu zuwa ma'ajiyar Kallamu. Imoro na tsaye yana kallo, bai hana ba. Bayan sun gama ya ɗauki waya ya rubuta a zauren: "Kallamu ya yi gaskiya kan ludayi. Duk wanda ya ci bisa maganata ya yafe mini." Bai ƙara harafi ba, bai kuma amsa wa masu dariya ba.

Ranar Talata ya koma da sabon ludayi mai koren zare. Madam Yudi ta karɓa ba tare da ta dube shi ba, ta buga masa ƙusa ta daban. Tukunyar kuwa, da hannunsa ya wanke ta.

Har yanzu yana ci a can, Talata da Alhamis, shi kaɗai. In baƙo ya tambaye shi inda ake samun abincin halal, sai ya ce ya tambayi wani. Kallamu kan bi ta lungun da gangan, ya leƙo ta taga ya ce, "A ci lafiya, patron." Imoro sai ya juya kujerarsa ta fuskanci bango, ya ci gaba da cin wakensa.