Taɓaryar Inna da ƙafar Hamma

Mun bar Bauchi ana idar da sallar asuba, ni da wata ƙawata da muke koyon ɗinki tare a shagon goggona. Gombe muka nufa, garinmu, inda yayana, wanda muke kira Hamma, zai yi karonsa na farko a faɗan nan na cikin keji da ake haɗa naushi da shuri da kokawa. Wata takwas rabona da gida, don haka ko ramukan hanya ban ji haushinsu ba.

A Alkaleri direba ya tsaya shan mai. Muka sayi dafaffiyar gyaɗa, ƙullin da ya ƙanƙance tun zuwana na ƙarshe amma kuɗinsa ya yi ƙiba. Ƙawata ta ce ƙila ita ma gyaɗar rage nauyi take yi don shiga keji. Na yi dariya. Ban san cewa daga ita zan daɗe ban sake yin wata ba.

Da hantsi muka shiga Gombe. Bolari tana nan yadda na bar ta: ƙarar masu walda, keke na gogar keke, mai awara a bakin layinmu tana tambayar ko na yi miji a Bauchi. Inna ta tarbe mu da dambun zogale. Hamma bai ci ba, wai sai bayan awon nauyi na kafin wasa. Ya rame har idanunsa sun faɗa.

Tun yana dambe yake da wata al'ada. Kullum sai a murza masa taɓaryar Inna a ƙwauri, wai ƙashi ya yi tauri, kuma ni ce mai murzawar kafin in tafi. Ranar ma ya miƙe ƙafa a tabarma ya ce in tuna da. Ina gangaro da taɓaryar na ji wani tudu a ƙwaurin dama, da ɗumi kamar ƙurji. Ya cije leɓe.

"Auta, kada Inna ta ji," ya ce a hankali.

Na yi shiru. Shirun nan ne ke hana ni sukuni har yau.

Da la'asar aka yi wasan a wani zaure a hanyar Tumfure. A zagaye na biyu Hamma ya kai shuri, abokin karawar ya ɗaga gwiwa ya tare. Ƙarar da na ji irin ta karya rake ce. Hamma ya ja baya zai taka, ƙafar ta lanƙwashe a inda babu gaɓa. Ƙawata ce ta riƙe ni.

A asibiti kowa da dalilinsa. Mai horar da shi ya ce gwiwar ce, ƙwauri ba ya cin gwiwa. Wani ya ce yunwar rage nauyi. Inna ta ce baki ne, a ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori a Kwadon. Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya tambaya ko wurin ya taɓa ciwo. Hamma ya ce a'a, yana kallona.

Na faɗi komai, har da taɓaryar.

Likitan ya ce ƙashin ya daɗe da tsagewa, murzar ba ta ƙara masa komai ba sai koya wa Hamma jure zafin da ya kamata ya tsayar da shi. Jin haka Inna ta bar maganar Kwadon, ta yarda a sa ƙarfe, ta kuma rantse ba zai sake shiga keji ba tana raye. Hamma ya juya fuska bango. Kwana uku ina kai masa kunu, bai ce mini uffan ba.

Na dawo Bauchi ranar Talata, ban ga hanyar ba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne da na yi magana a tabarma, da fushin yini ɗaya zai yi, da ƙafarsa lafiya.

Jiya goggo ta ce in daka yaji. Na ɗauki taɓarya na ajiye. Inna ta ce mini a waya Hamma ya fara taka ƙafar da sanda. Wayata tana kan keken ɗinki, na ƙure mata ƙara, ko zai kira ya ce Auta.