Safar Hannu Ɗaya a Kan Ƙusa

Wata rana wata budurwa ta kai ɗinki shagon wani tela a bakin kasuwa. Bari mu kira ta Ramlatu.

Ta miƙa masa atamfar, bai karɓa ba. Sai da ya tashi ya wanke hannunsa da sabulu, ya goge, sannan ya dawo ya karɓa.

"Ƙuli-ƙuli na ci," ya ce. "Kada in ɓata miki kaya."

Ramlatu ta sunkuyar da kai. Har ta isa gida tana murmushi ita kaɗai. Sunansa Inuwa. Ba a daɗe ba aka ɗaura musu aure.

Suka zauna lafiya har babbar 'yarsu Zulai ta yi aure, furfura ta fito masa a gemu. Duk unguwa an san Malam Inuwa da farar riga da sahun farko a masallaci.

Sai abu ya fara sauyawa.

Ya shiga bayi ya daɗe. Ya fito, kafin ya zauna kan keken ɗinki ya sake ɗaukar buta. Alwala ta daina tsaya masa. Yana tayar da kabbara sai ya ji ɗigo.

Daga sahun farko ya koma na ƙarshe, kusa da ƙofa. Daga nan ya koma yin salla a ɗaki.

Ramlatu ce mai wanke wandunansa. Ta ga tabon, ta ji zarnin. Sai ta ƙara sabulu, ta shanya su a bayan ɗaki inda yara ba za su gani ba.

Matar da ko sunansa ba ta faɗa, ta ina za ta fara masa zancen fitsari?

Ya taɓa zuwa asibiti, ya dawo yana huci. Tana tsakar gida ta jiyo shi a zaure yana ba amininsa Haladu labari.

"Yaron likitan nan fa sa'an ɗana ne. Ya sa safar hannu, wai in kwanta in juya masa baya. Yatsa zai sa mini ta dubura, wai ya duba ni. Ni, Haladu!"

"A'uzubillahi! Ka yarda?"

"Ɗaure wandona na yi na fito."

Haladu ya yi dariya har da tari. "Rabu da 'yan bokon nan. Akwai wani dattijo bayan 'yan hatsi, tausa yake yi ta gargajiya. Ba ya tambayar sunanka, ba wata nas da za ta gan ka. Manya ma can suke zuwa."

Ramlatu ta ji kowace kalma. Ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Malam Inuwa ya fara zuwa bayan 'yan hatsi. Yakan dawo yana takawa a hankali, ya zauna da gefe ɗaya. Ta kawo masa abinci, ta ce sannu, ya ce yawwa. Iyakar zancen ke nan.

Ran nan da la'asar zazzaɓi ya kayar da shi a shago. Jikinsa na kyarma, haƙoransa na haɗuwa. Fitsarin ya tsaya cak, mararsa ta kumbura ta yi tauri.

Maƙwabta suka sa shi a adaidaita sahu sai asibiti, aka aika wa Ramlatu ta biyo su. Likitan nan dai da ya gudar wa, shi ya karɓe shi. Aka sa masa robar fitsari da ƙarin ruwa. Likitan ya sunkuyo ya tambaye shi.

"Baba, an taɓa maka wurin ne? An sa maka wani abu?"

Malam Inuwa ya juya fuskarsa bango.

Likitan ya ja Ramlatu gefe. "Mama, ƙwayar cuta ta shiga jininsa, kuma abin ba wasa ba ne. Ina son in san me aka yi masa, da me aka yi amfani."

Ta gyara hijabinta ta fita.

Ba ta sha wahalar gano wurin ba. Lasifika na ta ihun maganin ƙarfin maza, da kalmomin da ba za ta iya maimaitawa ba. Rumfar langa-langa ce a bakin kwata. A kan benci dattawa na jiran layi, kowa ya jawo hula ya sunkuyar da kai. Har da wanda ta sani.

Ta ɗaga buhun da aka yi labule da shi.

Warin ne ya fara tarbarta. Sai da ta toshe hanci da bakin hijabi.

Katifa ce yashe a ƙasa, duk ta yi taswira. Ga gwangwanin man shafawa a buɗe, da gashi a ciki, ƙudaje sun yi masa rumfa. Ga bokitin ruwa da ya koma launin ƙasa.

A jikin ƙusa kuwa, safar hannu ta roba ce guda ɗaya a rataye. Ta yi rawaya, ruwa na ɗiga daga yatsunta.

Mai maganin na zaune yana cin rogo da yaji, yana lashe yatsu.

"Hajiya, nan ba wurin mata ba ne."

Ta nuna ƙusar. "Da wannan ka taɓa mijina?"

Ya waiwaya ya kalle ta. "Ai ina ɗauraye ta."

"Bayan mutum nawa kake canzawa?"

"Sai in ta yage mana."

Ramlatu ba ta kai bakin titi ba. A kwatar nan ta durƙusa ta yi amai.

Da ta ɗago, ta koma ciki ta sa leda ta ɗauke gwangwanin. Mai maganin ya taso yana faɗa, ba ta ko kalle shi ba. A gaban bencin ta tsaya, ta ɗaga murya.

"Bayin Allah, mijina na can kwance a asibiti tsakanin rai da mutuwa. Kafin ku kwanta a katifar nan, ku leƙa ku ga abin da ke rataye."

Ba wanda ya ɗago. Can sai wani tsoho ya laluba takalminsa, ya miƙe, ya tafi. Sauran suka matsa suka cike gurbinsa.

Wannan ya fi warin tayar mata da zuciya.

A asibiti ta ajiye ledar a gaban likita. A gaban mijinta ta faɗi komai: ɗigon, wandunan, rumfar, safar. Kalmomin da ba ta taɓa furtawa ba tun da aka haife ta, ranar ta furta su.

Likitan ya girgiza kai. Ya ce akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsarar namiji, ana ce mata furostet, takan kumbura in shekaru sun ja. Duba ta da yatsa ba ya ɗaukar lokaci, kuma sabuwar safa ake sa wa kowa. Ya ce su ma wani lokaci sukan matsa ta don su ɗebi ruwan gwaji, wasu masu tsohon ciwon mara kuma kan ce tausar na ɗan rage musu zafi. Amma ba ita ce magani ba. In kuwa akwai cuta a wurin, dannawa tura ta cikin jini ne.

Ya sauya allurai. Aka yi kwanaki Ramlatu ba ta bar gefen gadon ba, kafin zazzaɓin ya sauka.

Ranar da Malam Inuwa ya iya shan kunu da kansa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Maman Zulai, na zubar da girmana. Har can kika je."

"Na je."

"Kin gani?"

"Na gani, Malam."

Hawaye ya gangaro masa cikin gemu. Ɗakin cike yake da marasa lafiya da 'yan dubiya, amma Ramlatu ba ta rage murya ba.

"Ka saurare ni. Na yi maka alkawari, daga yau duk abin da na gani a jikinka zan faɗa maka da bakina, ko za ka yi fushi da ni. Ranar da likita zai duba ka kuma, tare za mu zo. Ina nan tsaye a bayan labule har ka fito."

Darasi: Ba dubawar likita ce abin ƙyama ba. Abin ƙyama yana can inda maza ke ɓuya don kada a gan su, kuma kunya ce ke kai su. Iyayenmu maza, in fitsari ya fara wahala ko mara na ciwo, asibiti za ku je, kada ku miƙa jikinku ga wanda ba ku san abin da hannunsa ya taɓa ba. Mu kuma mata, in muna son mutum, mu buɗe baki tun yana tafiya da ƙafarsa.

Ki tura wa mijinki. Ka tura wa babanka, ko da sai ka kashe waya bayan ka tura.